Kalangun da Ya Tuɓe wa Lauya Dogo Hula

Ku samarin da kuka fito daga Midil kuna yawo da alƙalami a aljihun gaba, na ji abin da kuke faɗa a bakin gidan waya. Wai mulkin kai na tafe, wannan zai tafi Ingila ya dawo lauya, wancan ko bai tafi ba zai kama aikin akawun lauya, tunda ɗaukar jaka ne kawai. To ni Adamu na ɗauki jakar nan tun ba a yaye wasunku ba. Yau ga ni a kan benci ina buga wa mutane wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke soja. Ba sata na yi ba, ba a kama ni da ƙarya ba. Wanda ya karanta wannan ya gane laifin da aka yi, ya zo ya gaya mini, don ni har yanzu ban gane ba.

Karatuna elementare ne, da ɗan abin da na lasa a Midil ta Maiduguri kafin lissafi ya koro ni. Abin da nake da shi baki ne. Bolanci na sha a nono, Karekare da Ngizimanci na tsinta a kasuwa, Fillanci a kara wurin masu shanu, Barbarci kuwa daidai na gaisuwa da zagi. Ina masinja a ofishin Di'o na Potiskum, ran nan majistare ya zo rangadi, tafinta na kwance da zazzaɓi, aka ce in tsaya. Da aka tashi sai wani lauya ya yafito ni. Mutumin Ikko ne, ofishinsa a Jos. Ba wanda ya iya faɗin sunansa a Potiskum, kuma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kotu, saboda haka aka sa masa Lauya Dogo. Ya ce yana neman wanda zai zama bakinsa da kunnensa a ƙasar nan. Na bi shi.

Ku fara sanin wannan: lauya ba ya taka kotun alƙali. Gado, aure, gona, iyakar rijiya, duk ba ruwansa. Abincinsa yana gaban majistare, inda ake shari'ar kamfani, da direbobi, da mutanen Kudu. Majistare kuwa ba kullum yake zuwa ba. In an sa rana sai mu hau lori daga Jos ta Bauchi, ni ina baya a kan buhuna, rungume da akwatin littattafai.

Aikin da aka fara ba ni shi ne hular gashi, wadda suke ɗorawa a ka a kotu. Tana zaune a cikin wani baƙin gwangwani, ana lallaɓa ta kamar jaririya. Asu na sonta, gara na sonta, ɓera ma in ya samu ba ya raina ta. Nakan zuba busasshen ganyen dalbejiya a gindin gwangwanin, in rataye shi da igiya a tsakiyar ɗaki. Sai baƙar riga mai faɗin hannu, da ɗan farin ƙyallen wuya mai harshe biyu da ake sa wa sitaci a goge da dutsen guga na gawayi. Gawayi ya taɓa faɗo mini a kan ƙyallen nan ana gab da shiga kotu. Maigida bai zage ni ba. Ya sa na tsaya ina kallo ya yanka gefen farar rigarsa da almakashi ya yi wani, ya ce, "Adamu, in ba wannan a wuyana, majistare ba ya ganina ko da ina tsaye a gabansa." Na ɗauka wasa yake. Ashe haka dokarsu take.

Tafireta na koya da yatsa biyu, har yau da biyun nake bugawa. Na koyi ɗaure takardun kowace ƙara da jan zare, da manna kan sarki a inda ya dace. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mutane.

Akwai wani manomi daga Gadaka da muka kira shaida a kan wani direba. Maigida ya tambaye shi ko ya ga motar tana gudu, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Lauyan direban ya tashi ya ce ai motar a tsaye take, ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." A ganinsa rashin ladabi ne ka musa wa mai babbar riga. Da aka fita shan iska na ja shi gefe na soma gaya masa abin da zai ce in an koma. Maigida ya ji. Ya kama hannuna, yatsunsa kamar ƙarfe.

"Kana iya gaya masa kada ya ji tsoro. Kana iya gaya masa ya faɗi abin da ya gani. Amma ba a sa wa shaida magana a baki. In ka sake, ni za a tuɓe wa hula, ba kai ba."

Ranar na fara jin cewa akwai masu tuɓe wa lauya hula. A hanyar komawa ya lissafa mini. Lauya ba ya taɓa dukiyar da aka ba shi ajiya. Ba ya tsaya wa ɓangare biyu a ƙara ɗaya. Ba ya fitar da asirin wanda yake tsaya wa. Waɗannan duk na gane, ko dillalin kirki a kara haka yake. Sai ya ce kuma lauya ba ya talla. Mai ƙara ne ke neman lauya, lauya ba ya neman mai ƙara, ba ya kuma aika wani ya nemo masa. Ko allon sunansa a ƙofar ofis bai kamata ya wuce tafin hannu biyu ba. Na ce to ta yaya za a san shi? Ya ce da aikinsa. Na ce wa zai faɗi aikin? Ya ce mutane. A ganina dai an dawo inda aka fara.

Ƙarar da ta yi mana suna ita ce ta Alhaji Buba, wani Bafillace mai fataucin shanu da ya zauna a unguwar Hausari cikin Potiskum. Lorin wani kamfanin Turawa ya afka cikin garkensa a kan hanyar Mamudo, ya kashe na kashewa, ya karya na karyawa. Alƙali ba shi da iko a kan kamfanin Bature, kowa ya ce wa Alhaji ya bar wa Allah. Wani direba ne ya ba shi labarinmu. Kamfani ya turo lauyansa daga Kano, Bature, jajawur, mai tabarau. Na yi yawo a rugage ina neman makiyayan da suka ga abin, na kawo su ban sa wa ko ɗaya magana a baki ba. Maigida ya tsare direban lorin da tambaya a kan burki har ya ƙure shi. Majistare ya ce kamfani ya biya.

Washegari ranar kasuwa ce. Muna ɗaure kaya a masaukinmu a Hausari da hantsi sai muka ji kalangu ya nufo mu. Na leƙa. Alhaji Buba ne a gaba, mahauta da dillalan shanu a baya, a tsakiya kuma Sale mai kalangu, makaɗin mahauta, wanda in ya buɗe baki a bakin kara ana jinsa a tasha. Yana kiɗa yana kirari:

"Dogo na Ikko, mai hular tunkiya! Kai ka sa Bature ya biya saniya! Mai ƙara da kamfani, ina za ka? Je ka Hausari, Dogo na nan!"

Maigida ya ce, "Mene ne wannan? Mutuwa aka yi?"

"Godiya ce, Maigida. Alhaji ya kawo maka."

"Ka ce na gode, su tafi."

"Ba a haka. Sai an yi masa kyauta."

"Ni ban kira shi ba."

"Ba a kiransu ai. In ya yi maka kiɗa ka juya baya, gobe da wannan kalangun zai yi maka zambo. Zai ce Dogo marowaci, Dogo mai cin kaza shi kaɗai. Yara za su ɗauka. In ka shiga kotu, ɗan doka na bakin ƙofa ma dariya zai riƙa ƙunshewa."

Ya tsaya yana kallon taron. Bai taɓa ganin an yi masa haka ba, na ga abin ya shige shi. Ya ce, "Manyan mutane me suke bayarwa a nan?"

Na ce, "Riga."

Muna da wata tsohuwar baƙar rigar kotu a gindin akwati, ta koɗe ta koma kalar toka, hammata ɗaya ta yage, da ita nake naɗe littattafai. Ya yi dariya ya ce in ba shi waccan. Na fita na yafa wa Sale a kafaɗa, wuri ya kaure da sowa. Alhaji Buba ya riƙe hannuna ya ce, "Akawu, maigidanka ɗan mutane ne."

Sale bai ƙara fita kiɗa ba sai da rigar nan. Kasuwar Potiskum, ta Gadaka, ta Mamudo, duk inda aka yanka sa, yana can da baƙar riga tana jan ƙasa, kalangu a hammata. Mu kuwa in mun sauka a Hausari sai mu tarar da mutane a ƙofa tun kafin in sauke akwati, rabinsu ma ƙararsu ta alƙali ce, sai in sallame su. Sale yakan zo gaisuwa kowane zuwa. Maigida yakan dafe kai ya ce, "Adamu, ba shi wani abu ya tafi, ina karatu." In ba shi. Shekarar nan na yi wa ɗakin uwata rufin kwano.

Bayan nan ne Baturen mai tabarau ya dawo wata shari'ar. Motarsa ta ratsa kasuwa, ya hangi mutum da rigar lauya yana kiɗa, ya sa direbansa ya fassara masa kirarin. Ba a daɗe ba takarda ta iso Jos.

Maigida ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Lauyoyi suna da kwamiti nasu a Ikko, babban lauyan gwamnati ke shugabanta. In an kai ƙarar lauya a rubuce, da rantsuwa, su ne za su zauna su ji shaidu, sannan su miƙa wa manyan joji. Su kuwa suna iya ja masa kunne kawai, ko su dakatar da shi, ko su soke sunansa daga littafin lauyoyi gaba ɗaya. In an soke, ko ƙarar akuya ba zai ƙara tsayawa ba.

"Me aka ce ka yi?"

"Talla. An ce na ɗauki makaɗi yana shela da sunana a kasuwanni."

"Ai ba kai ka ɗauke shi ba. Alhaji ya kawo shi."

"Za su kira ka shaida."

"To me zan ce musu?"

Ya ce, "Ba zan gaya maka ba. Yanzu kai shaida ne."

A cikin jirgin ƙasa zuwa Ikko, yana gaba ina baya, na yi ta juya maganar. Na kasa yarda cewa manyan mutane masu karatun Ingila za su bar aikinsu su zauna don an yabi mutum. Dole akwai wani abu a ƙasa. Ni na ga takardar ƙarar da idona, kuma na ga an rubuta cewa rigar tsohuwa ce, yagaggiya. Sai na ce yawwa, ga ta nan. Rowa ake tuhumarsa da ita. Babban lauya ya ci shari'ar kamfani, ya sallami makaɗi da tsumma, ya zubar da mutuncin sana'a. Kunya ce ta hana Maigida faɗa mini. Kafin mu ƙetare gadar Jebba na gama shirya yadda zan wanke shi.

Ɗakin ba kotu ba ne. Dogon tebur ne, fanka na juyawa a sama, ba mai hula a kai. Shugaban Bature ne, na kusa da shi baƙaƙen lauyoyi. Maigida na gefe shi kaɗai. Aka ce ko ina son tafinta, na ce ni ne tafinta. Na rantse da Alƙur'ani.

Shugaban ya ce, "Kai ka ba makaɗin nan rigar?"

"Ni na miƙa, ranka ya daɗe, amma da umarnin maigidana. Ni ban isa in yi kyauta da kayan wani ba."

"Bayan rigar, ya ƙara samun wani abu daga gare ku?"

Na ce a raina ga inda ake jira. Na gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, kada rigar nan ta ruɗe ku. Ita ce ke kusa a ranar. Amma wallahi tun daga nan Sale bai taɓa zuwa ya koma hannu wofi ba. Kowane zuwa sai an ba shi. Ko da Maigida na cikin karatu sai ya ce in ba shi."

"Kowane zuwa?"

"Kowane zuwa. A tambayi Hausari."

"Masu kawo muku ƙara sun ƙaru bayan haka?"

"Ƙaruwa? Sai da muka riƙa kora. Wanda duk ka tambaya wa ya turo ka, sai ya ce a bakin Sale ya ji."

Na waiga in ga ko Maigida ya ji daɗi. Ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu. Na ɗauka fankar ce ta dame shi.

Ɗaya daga cikin baƙaƙen lauyoyin, dattijo mai furfura, ya tambaye ni a hankali me zai faru da ba a ba makaɗin komai ba. Na yi masa bayanin zambo, har na kwaikwayi yadda Sale zai ce Dogo mai cin kaza shi kaɗai. Dattijon ya toshe baki da hankici. Shugaban bai yi dariya ba, rubutu yake. Ya ce, "Wato an biya shi don ya ci gaba da yabo."

"Ba biya ba ne, ranka ya daɗe. Ba a yi ciniki ba. Mutum ya yabe ka, ka ba shi. Ko Di'onmu in makaɗa sun tare shi ran salla yana sa hannu a aljihu."

"Di'o ba lauya ba ne."

Nan na fara jin ƙasa na zamewa, sai bakina ya ƙi tsayawa. Na ce ina da tambaya. Akwai wani lauya da ya taɓa zuwa Potiskum a buge, ya yi barci a kan tebur, aka ɗaure wanda yake tsaya wa. Shi an kira shi nan? Shugaban ya ce ba wanda ya kawo ƙararsa a rubuce. Na ce wanda aka ɗaure ɗin ai bai iya rubutu ba, kuma yana kurkuku. Ya ce in zauna.

Manyan joji ba su soke sunansa ba. An ce dattijon nan ya yi magana a kan al'adar ƙasa, shi ya sa. Dakatar da shi suka yi, na lokaci mai tsawo, aka buga a jarida. Lauyan da aka dakatar ba ya da abin biyan hayar ofis. Muka koma Jos muka kwashe kaya. Ranar da zai hau jirgi na kai hannu zan ɗauki gwangwanin hula kamar kullum, ya ce in bari, ya ɗauka da kansa. Ya nuna tafireta ya ce tawa ce.

Na ce, "Maigida, na yi ƙarya ne a wurin nan?"

"A'a. Gaskiya ka faɗa, duka."

"To da ka gaya mini ainihin abin da suke nema, ai da na taƙaita."

"Na gaya maka, Adamu. Talla."

"Da ka gaya mini abin da zan ce."

"Da na yi haka, da sun sami laifin gaske."

Jirgi ya tashi. Bai ƙara hawowa Arewa ba. Na ji an ce da wa'adin ya cika ya koma aiki a can ƙasarsu, ban tabbatar ba.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar. Na bi ofisoshin lauyoyi a Jos, na bi na Kano da tafireta a ka. Ko'ina sai akawun wurin ya dube ni ya ce, "Kai ne mai kalangu?" A tsakaninsu sunana ya zama ɗan kamasho mai farauto wa lauya mutane, ni da ban taɓa tare kowa a hanya ba. Duk wanda ya ɗauke ni aiki, kamar ya gayyato wa kansa kwamiti ne. Na dawo gida. Alhaji Buba ya zo jaje, na yi masa bayani tun daga farko, ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Akawu, to ko mu tura Sale Ikko ya yi wa jojin nan kiɗa, zuciyarsu ta yi sanyi? Ni zan biya jirgi." Da gaske yake.

Saboda haka ku masu alƙalami a aljihu, in kun je Ingila ku tambayo mini. An hukunta wanda ya ƙi sa wa shaida magana a baki. An hana wanda ya faɗi gaskiya aiki. Mai barci a kotu yana nan yana yawo da hularsa. Sale kuwa ba wanda ya aika masa ko sammaci, kuma duk faɗin ƙasar Fika shi kaɗai ne yau ke sa rigar lauya ba mai ce masa don me. Har yanzu yana kiran sunan Dogo, har yanzu mutanen ƙauye na zuwa bencina suna tambaya yaushe zai sauka a Hausari.

Kasuwar da ta wuce na shiga kara neman wani mai wasiƙa, sai ga Sale. Rigar ta zama zare, ya ɗaure ta da igiya a ƙugu. Na sunkuyar da kai zan zame ta bayan turken shanu, ya hango ni. Ya juyo da kalangu, mahauta suka buɗe masa hanya.

"Adamu Akawu, bakin Dogo! Kai ka je Ikko ka faɗa wa Turawa gaskiya!"

Duk kara aka juyo ana kallona. Abin da ke aljihuna na cefanen gida ne. Na zaro na manna masa a goshi.

To me kuke so in yi? Mutum ya yi maka kiɗa a gaban jama'a ka wuce?